Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Rigimar Masana a Kan Hankalin Ƙananan Kifayen Teku

Akwatin gwajin bai fi tsawon tafin hannu ba. Ruwa na shigowa cikinsa ta bututu biyu, yana gangarawa a hankali kafaɗa da kafaɗa ba tare da ya gauraya ba. Gefe guda ruwan teku ne zalla. Ɗaya gefen kuwa an ɗebo shi ne daga tankin da aka ajiye wani babban kifi mai farautar ƙanana, saboda haka yana ɗauke da warin jikinsa. Sai a kawo jaririn kifi wanda bai fi santimita ɗaya ba, a sake shi a ƙarshen akwatin, inda zai iya kaiwa da komowa tsakanin ruwan biyu. Mai bincike na zaune da agogo da takarda. Duk bayan daƙiƙa biyar zai duba ya rubuta gefen da kifin yake, har tsawon minti biyu. Daga nan a musanya bututun, ruwan dama ya koma hagu, a sake ƙirgawa, don kada a ce kifin kusurwa ɗaya kawai yake so.

Da wannan ɗan akwati ne masana a Jami'ar James Cook da ke Townsville, a arewa maso gabashin Ostireliya, suka fitar da sakamakon da ya girgiza masu nazarin teku a 2009 da 2010. Jagoransu Farfesa Philip Munday ne, mai yawancin aikin akwatin kuma ɗalibarsa ce ta digirin digirgir, Danielle Dixson. Kifin da suka fara gwadawa sananne ne ko ga yara: ɗan kifin nan mai launin ɓawon lemo da farin ɗamara uku, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya ɗaukaka. Abin da suka ce sun gani shi ne, jaririn da ya tashi cikin ruwan teku irin na yau, da ya ji warin maƙiyinsa sai ya tsere ɗaya gefen ya manne can. Wanda aka rena cikin ruwan da aka ƙara wa iskar kabon, irin ruwan da ake hasashen teku zai zama a ƙarshen wannan ƙarni, shi kuma sai ya nufi warin maƙiyin kai tsaye, ya zauna ciki kusan duk tsawon gwajin.

Kifi ya daina tsoron mai cinsa, har ma yana bin sa. Labari ne da ba ya bukatar a yi masa ado, kuma jaridun duniya ba su yi sanya wajen ɗaukarsa ba.

Daga ina tsamin yake zuwa?

Kafin a shiga rigimar, akwai ɓangaren da babu masanin kirki da ke musu a kansa. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon dayoksaid, wadda ake rubutawa CO2, ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan na iskar duniya ba. Yau ta haura 420, saboda ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas, da yin siminti, da sare dazuzzuka. Teku na shanye kusan rubu'in abin da ake fitarwa kowace shekara. Da ba don haka ba da zafin duniya ya fi haka. Amma iskar ba ɓacewa take yi ba: idan ta narke a ruwa sai ta zama wani asid mai rauni.

Ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda 7 ce tsakiyarsa. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kishiyarsa. Ruwan saman teku ya sauko daga kusan 8.2 zuwa kusan 8.1. Tazarar kamar ba komai ba, sai dai ma'aunin ninkawa yake yi ba tarawa ba, don haka wannan ɗan saukar na nufin sinadarin da ke kawo tsami ya ƙaru da fiye da kashi 25 cikin ɗari. Idan aka ci gaba da ƙona mai ba kama hannun yaro, ana hasashen zai kai wajen 7.8 ko 7.7 a shekarar 2100. Wato teku ba zai koma ruwan tsamiya ba. Duk mai girki ta san aikin kanwa a miyar yakuwa: tsamin ne take kashewa, ita ma tana ƙarewa a wajen kashe shi. Teku na da tasa kanwar, sinadarin kabonet, kuma ita ce iskar kabon ke cinyewa a hankali. Da wannan kabonet ɗin ne murjani da kawa da dodon koɗin teku suke gina ɓawonsu.

Shi ya sa tun da Ken Caldeira da Michael Wickett suka ja hankalin duniya kan matsalar a mujallar Nature a 2003, damuwar masana ta fi karkata ga masu ɓawo. Kuma ba a daɗe ba aka ga zahiri: a 2007 da 2008 jariran kawa sun yi ta mutuwa a wurin ƙyanƙyasar Whiskey Creek da ke jihar Oregon a Amurka, aka bi diddigi aka gano ruwan da ake jawowa daga teku ne ke hana su yin ɓawo. Kifi kam ba a damu da shi ba. Yana da dabarar daidaita jininsa ta matsefin da yake numfashi da shi: ya fitar da tsamin, ya tara sinadarin baikabonet a jiki. A tankunan kiwon kifi na zamani ma iskar kabon takan ninka abin da ake tsoron teku zai kai sau da dama, kifin kuma yana cin abincinsa yana girma.

Sabon abin da mutanen Townsville suka kawo shi ne cewa jikin kifin na iya zama lafiya lau, kansa ne ya taɓu.

Hanyar komawa gida

Don a gane nauyin wannan magana sai an san yadda jaririn kifin murjani ke fara rayuwa. Uwar Nemo takan zuba ƙwai a jikin dutse, dab da wata halitta mai kama da fure mai yatsu masu harbi, wadda a cikinta iyalin ke fakewa. Uban ne ke gadi yana yi wa ƙwan fifita da fukafukansa. Bayan kamar mako guda sai su ƙyanƙyashe da dare, igiyar ruwa ta kwashe jariran zuwa tsakiyar teku. Can za su yi kwana goma da 'yan kai suna shawagi, jikinsu garau kamar gilashi, kafin su juyo neman tudun murjanin da za su zauna har mutuwa. Da dare suke isowa, kuma da hanci da kunne suke laluben hanya: ƙamshin halittar da za su fake ciki, ƙamshin ganyen itatuwan tsibiri da ya faɗo ruwa, da ƙarar tudun murjani kansa, wanda jatan lande da kifaye ke cika shi da ƙas-ƙas. A bakin tudun kuwa masu farauta na jira. Kwanakin farko na sauka su ne mafi haɗari a rayuwar kifin, kuma da yawa ba sa tsallake su. Jaririn da hancinsa ya yi masa ƙarya a wannan dare, tasa ta ƙare.

Takardar farko ta fito a mujallar PNAS a 2009. Ta ce a pH 7.8 jariran sun koma son ƙamshin da a da suke gudu, kuma ba sa bambanta warin iyayensu da na baƙi, a 7.6 kuwa sun daina kula kowane wari. A 2010 aka fita daga ɗakin gwaji zuwa tsibirin Lizard da ke arewacin Great Barrier Reef, mafi girman jerin tudun murjani a duniya. Aka rena ƙananan kifayen da ake kira damsel cikin ruwa mai iskar kabon 850 cikin miliyan, aka mayar da su teku aka zuba ido. Rahoton ya ce sun yi ta yawo nesa da maɓoyarsu ba tsoro, kuma an cinye su ninki biyar zuwa tara fiye da 'yan'uwansu. Daga nan takardu suka yi ta zubowa: an ce ji ya lalace, gani ya ragu, koyo ya gagara, har ɗabi'ar fifita juyawa dama ko hagu da kifi ke da ita ta ɓace.

A 2012 aka samu bayanin da ya ɗaure labarin tamau. Göran Nilsson na Jami'ar Oslo, tare da su Munday, suka ɗora laifin a kan wata ƙofa da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa mai suna GABA-A. Aikinta kwantar da jijiya. Ita ce ma magungunan sa barci irin su Valium ke taɓawa a jikin ɗan Adam. Ƙofar na aiki ne da shige da ficen sinadaran kuloraid da baikabonet. To su ne kuma kifi ke jujjuyawa don ya kare jininsa daga tsami. Hasashen shi ne, garin gyaran jini sai kwararar ta juya baya, ƙofar da ke cewa jijiya "tsaya" ta koma cewa "tafi". Da aka ba kifayen wani magani mai toshe ƙofar, gabazine, an ce hankalinsu ya dawo. Bayani ne mai kyan tsari ƙwarai, irin wanda malami ke jin daɗin koyarwa, kuma ya taimaka wajen shigar da maganar cikin rahoton kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2014.

Gani ya kori ji

Waɗanda suka tayar da ƙurar ba masu ƙaryata sauyin yanayi ba ne. Fredrik Jutfelt, ɗan Suwidin da ya koma koyarwa a Trondheim ta ƙasar Nowe, shi da kansa ya wallafa a 2013 cewa iskar kabon na sauya ɗabi'ar wani ƙaramin kifin ruwan sanyi. Shi da Timothy Clark na Ostireliya da Josefin Sundin da wasu abokansu sun je tsibirin Lizard a 2014 da niyyar gina nasu binciken a kan na su Munday. Matakin farko shi ne su ga abin da idonsu. Ba su gani ba. Kifayen da suka sha iskar kabon sun ci gaba da gudun warin maƙiyi kamar sauran.

Maimakon su tattara su koma gida, sai suka mayar da rashin ganin ya zama shi ne aikin. Shekara uku suna maimaitawa, a tsibirin da kuma cibiyar nazarin teku ta gwamnatin Ostireliya da ke kusa da Townsville, da kifi fiye da 900 daga jinsi shida, manya da ƙanana, na daji da na tanki. Babban bambancin aikinsu, a ganina, ba yawan kifin ba ne, kyamara ce. Sun ɗauki kowane gwaji a bidiyo daga farko har ƙarshe, suka bar kwamfuta ta bi motsin kifin. Mutum mai agogo da takarda, wanda ya san wane kifi ne ya sha iska wane ne bai sha ba, yana kallon abu mai girman ƙwayar shinkafa yana wulƙawa a kan iyakar ruwa biyu, idonsa na iya karkata ga abin da zuciyarsa ke tsammani ko da bai yi niyyar cuta ba. Bidiyo kuwa kowa na iya sake kallo.

A watan Janairun 2020 mujallar Nature ta buga sakamakonsu, da take mai cewa ƙarara tsamin teku ba ya lalata ɗabi'ar kifayen murjani. Ba su tsaya nan ba. Sun ɗauki alƙaluman tsofaffin takardun suka gwada su da lissafi, suka nuna cewa abin da aka ruwaito ya yi tsabta fiye da kima. Dabbobi ba sa yin abu baki ɗaya; ko cikin garke guda akwai mai tsoro akwai mai taurin kai. Amma a wasu gwaje-gwajen farko kusan kowane kifi ya yi daidai da ɗan'uwansa, wannan rukuni gaba ɗaya sun guji wari, wancan gaba ɗaya sun bi shi. Lissafin su Clark ya nuna samun irin wannan daidaito daga kifaye masu rai abu ne mai matuƙar wuya.

Munday da abokansa suka mayar da martani a mujallar cikin wannan shekarar. Suka lissafa bambance-bambance 16 tsakanin aikinsu da na su Clark: ba kifin Nemo aka gwada ba, shekarun kifayen sun bambanta, an sauya tsarin akwatin, ga kuma yanayin zafin ruwa a lokacin wasu gwaje-gwajen. Wasu daga cikin hujjojin na da ƙarfi, bai kamata a yi watsi da su ba. Sai dai akwai tarko a cikinsu. Idan illar tana da girman da aka ce, har tana barazana ga kifayen duniya, bai kamata ɗan sauyin akwati ko sauyin jinsi ya shafe ta ƙaƙaf ba. Idan kuwa sai an haɗa sharuɗɗa 16 kafin ta bayyana, to ba ita ce dodon da aka nuna wa duniya ba.

Daga saɓani zuwa zargi

Jutfelt da Sundin ba baƙin irin wannan faɗa ba ne. Su ne suka fallasa Oona Lönnstedt, wadda ita ma a Jami'ar James Cook ta yi digirinta na uku, kan takardarta ta 2016 a mujallar Science mai cewa jariran kifi sun fi son cin ɓurɓushin roba a kan abincinsu. Suna tashar binciken da ke tsibirin Gotland a lokacin da ta ce ta yi aikin, kuma suka ce ba a yi shi yadda aka rubuta ba. An janye takardar a 2017, hukuma kuma ta tabbatar an ƙirƙiri alƙaluma.

A 2020 wasu daga cikin tawagar suka nemi hukumomin Ostireliya da Amurka masu ba da kuɗin bincike su duba takardu 22 na Dixson da Munday. Ɗan jarida Martin Enserink ya baje labarin a mujallar Science a watan Mayun 2021, fagen ya rabu biyu. Wasu manyan masana suka ce yaran nan ba gaskiya suke nema ba, suna suke nema, kuma salon nasu cin mutunci ne. A watan Agustan 2022 Jami'ar Delaware ta Amurka, inda Dixson ke koyarwa a lokacin, ta sanar cewa bincikenta ya same ta da laifin ƙirƙira da sauya alƙaluma, kuma Science ta janye takardarta ta 2014. Ɗaya daga cikin hujjojin lissafin lokaci ne kawai: yawan gwajin akwatin da aka ce an yi ya fi ƙarfin kwanakin da ake da su. Adalci ya sa a faɗi abu uku a nan. Takardar da aka janye ba kan tsamin teku take ba, kan yadda kifi da murjani ke gudun warin ciyawar teku ce a Fiji, ko da yake da irin akwatin aka yi ta. Babu sunan Munday a cikinta. Dixson kuma ta musanta laifin ta bakin lauyanta.

Abin da ya fi wannan shari'ar faɗi shi ne nazarin da Jeff Clements na Kanada ya jagoranta, tare da Sundin da Clark da Jutfelt, wanda ya fito a PLOS Biology a 2022. Sun tattara bincike 91 da aka yi tsakanin 2009 da 2019, suka jera girman illar da kowanne ya ruwaito bisa shekararsa. Layin ya gangaro kamar daga kan tsauni: illar da aka gani a shekarun farko ta ninka ta shekarun baya fiye da sau goma. Manyan sakamakon sun fi fitowa daga gwaje-gwaje masu kifi kaɗan, su ne manyan mujallu suka fi bugawa, su ne kuma ake ta ambato har bayan an kasa maimaita su. Munday ya sake lissafin da kansa ya ce an zuzuta gangarowar, saboda yadda aka sarrafa wasu alƙaluma. Har yanzu ɓangarorin biyu ba su sha inuwa ɗaya ba.

Abin da ya rage a hannu

Kuskure ne a tashi daga nan da cewa kifi ya tsira. A 2018 Cosima Porteus da abokanta a Jami'ar Exeter ta Birtaniya sun bar akwatin zaɓi, suka auna saƙon da jijiyar hancin wani kifin tekun Turai ke aikawa ƙwaƙwalwa. Cikin ruwa mai yawan iskar kabon saƙon ya raunana, har suka ƙiyasta sai kifin ya matso kusa da tushen wari da kusan kashi 42 cikin ɗari kafin ya ji shi. Wannan dushewar hanci ce, ba hauka ba. Ba ta da daɗin kanun labarai kamar kifi mai bin maƙiyinsa, amma ta fi kama da yadda halitta ke lalacewa, kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma batun rai da mutuwa, wanda ba ya bukatar fassarar mai kallo. Masana a cibiyar GEOMAR da ke Kiel a Jamus sun ruwaito a 2016 cewa mutuwar jariran kifin kod ta ninka biyu a ruwa mai iskar kabon irin ta ƙarshen ƙarni, ciki har da kod na tekun Barents. Wannan ya shafe mu ta hanyar da ba a zato: daga wannan kifin ne ake yin busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake shanyawa a tsibiran Lofoten na Nowe, wanda Najeriya na cikin manyan masu sayensa, kuma ana jibge kawunansa a kasuwanni irin Sabon Gari a Kano. Amma a wani gwaji a gaɓar Suwidin, cikin manyan jakunkunan da aka rataye a teku, jariran kifin herin sun fi rayuwa a ruwa mai yawan kabon, don ƙananan tsirran ruwa sun yi yabanya abinci ya wadata. Wani na kuka, wani na dariya.

Wurin da ya fi nuna yadda gobe za ta iya kasancewa shi ne inda iskar kabon ke ɓuɓɓugowa da kanta daga ƙasan teku kusa da duwatsu masu aman wuta, kamar Ischia da Vulcano a Italiya, da Milne Bay a Papua New Guinea, da tsibirin Whakaari a New Zealand. A nan kifaye sun daɗe suna rayuwa cikin ruwan da sauran teku bai kai ba tukuna. Ivan Nagelkerken na Jami'ar Adelaide da ɗalibansa sun yi shekaru suna nitso a Whakaari suna ƙirga kifi. Kusa da maɓuɓɓugar, dogayen tsirran teku da ke yin duhuwa sun ja baya, gajeriyar ciyawa mai kama da darduma ta mamaye duwatsu. Matsakaitan kifaye masu farauta, da suka saba laɓewa a duhuwar, suka ragu. Ƙananan halittun da ake ci suka yawaita cikin ciyawar. Wani ɗan kifi guda mai zama a ƙasa, mai zafin kare wurinsa, ya ninka yawansa kusan biyu, yana riga kowa zuwa abinci yana korar sauran. Jinsunan da dama ba su da yawa suka ƙara ƙaranci. Mai ƙirga kifi da kai zai ce wurin ya fi albarka. Mai ƙirga jinsi zai ce ya talauce.

A tsibirin Lizard kuwa, yayin da masana ke jayayya kan abin da ruwan 2100 zai yi wa ƙwaƙwalwar kifi, guguwar Ita ta daki tudun a 2014, guguwar Nathan ta biyo baya a 2015, sannan zafin ruwa na 2016 ya kashe murjani mai ɗimbin yawa a arewacin Great Barrier Reef. Zafin ruwa ya sake sa murjanin yin fari fat a 2017 da 2020 da 2022 da 2024.